F-35 ko Gripen: wanne ya dace da ƙasar da ba ta da aljihun Amurka?

A watan Janairun 2023 gwamnatin Kanada ta sa hannu a kan sayen jiragen yaƙi samfurin F-35 guda 88 daga kamfanin Lockheed Martin na Amurka, a kan dalar Kanada biliyan 19. Shekara biyu bayan haka, a watan Maris na 2025, sabon Firayim Minista Mark Carney ya ce a sake duba cinikin, alhali an riga an ɗaure kuɗin guda 16 na farko. Babu wani sabon aibi da aka gano a jikin jirgin a lokacin. Donald Trump ne ya dawo mulki, ya fara lafta wa Kanada haraji, har yana cewa gara ta zama jiha ta 51 a Amurka. Nan da nan kamfanin Saab na Suwidin, wanda jirginsa Gripen ya zo na biyu a takarar, ya sake miƙo tayinsa, har da alkawarin a riƙa haɗa jirgin a cikin Kanada.

Finlan, Suwizalan, Birazil da Tailan duk sun tsaya a wannan mararraba, kuma kowacce da hanyar da ta bi. Idan ana son a gane dalili, sai an koma ga abin da ke zuciyar waɗanda suka zana jiragen tun farko, domin kowanne da tsoron da ya haife shi.

F-35 ɗan tsoron kashe kuɗi ne, ko da yake yau faɗin haka sai ya ba mutum dariya. A shekarun 1990 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ce maimakon kowace runduna ta ƙera nata jirgin, a yi guda ɗaya da zai wadatar da sojan sama, sojan ruwa da rundunar Marine, wato dakarun da ke kai farmaki ƙasa daga teku. A watan Oktoban 2001 Lockheed Martin ya doke Boeing ya karɓi kwangilar. Aka fito da iri uku: F-35A mai tashi daga titin jirgi yadda aka saba, F-35C mai faffaɗan fiffike da ƙugiyar tsayawa a kan jirgin ruwa mai dakon jirage, sai F-35B na 'yan Marine, wanda shi ne uwar rigimar.

'Yan Marine sun dage sai jirginsu ya iya tashi daga gajeren fili ya kuma sauko a tsaye. Don haka aka dasa wata ƙatuwar fanka ƙirar Rolls-Royce a bayan kujerar matuƙi, wadda wani sandan ƙarfe daga injin yake juyawa. Idan zai sauka, ƙofa takan buɗe a gadon bayan jirgin, bututun baya ya lanƙwashe ya dubi ƙasa, jirgin ya tsaya cak a sararin sama, sannan ya sauko a hankali. Abin kallo ne. Amma fankar tana cin wuri, tana da nauyi, kuma tun da gangar jiki ɗaya aka so a yi wa dukkansu uku, masu suka suna cewa sauran biyun da ba su da fanka su ma sun gaji ƙibar ɗan'uwansu. A 2004 sai da injiniyoyi suka ajiye sauran ayyuka suka zauna rage wa F-35B nauyi, suka zabge fiye da tan ɗaya. An yi alkawarin kusan kashi 70 cikin 100 na sassan jiragen uku za su zama iri ɗaya, abin da zai sauƙaƙa gyara ya rage kuɗi. A 2016 shugaban shirin na lokacin, Laftanar Janar Christopher Bogdan, ya ce abin da aka samu bai wuce kashi 20 zuwa 25 ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, su kuwa uku suka jefa a baki.

Shawara ta biyu da ta jawo musu zagi ita ce fara ƙera jirgin da yawa tun ba a gama gwada shi ba. Ya fara tashi a watan Disambar 2006, ba a daɗe ba masana'antar Fort Worth da ke jihar Texas ta fara fitar da na sayarwa. Duk matsalar da gwaji ya tono, sai a koma a buɗe waɗanda aka riga aka miƙa a gyara, da kuɗin gwamnati. A 2010 kuɗin shirin ya haura iyakar da doka ta gindaya, Sakataren Tsaro Robert Gates ya sauke janar ɗin da ke jagorantarsa, a shekarar da ta biyo baya kuma ya ba F-35B wa'adin shekara biyu, ko ya gyaru ko a soke shi. Ba a ba da izinin ƙerawa gadan-gadan a hukumance ba sai a watan Maris na 2024, lokacin da an riga an ƙera kusan dubu. Tsugune kuma ba ta ƙare ba: daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024 gwamnatin Amurka ta ƙi karɓar sababbin jirage saboda sabuwar kwamfuta da manhajar da ake kira TR-3 ba su kammalu ba, jirage sababbi fil suka yi ta taruwa a ajiye.

Ofishin binciken kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka, GAO, ya ƙiyasta a 2024 cewa daga farko zuwa ranar da za a yi wa jirgin ritaya, shirin zai ci Amurka fiye da dala tiriliyan 2, kuma kusan tiriliyan 1.6 daga ciki na kulawa ne da gyara da mai. Shi dai wannan ofishi ya ce a watan Maris na 2023 kusan kashi 55 cikin 100 na jiragen ne kawai suke a shirye su fita aiki.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka an yi asara ne zalla, kuma bai yi wa jirgin adalci ba. F-35 yana da layar zana. Siffar jikinsa da fentin da aka shafe shi da shi suna sa rada ta kasa ganinsa sai ya matso kusa, makamansa kuma a cikin cikinsa yake ɓoye su don kada su tona masa asiri. Abin da matuƙa suka fi yabawa ma ya wuce wannan: kwamfutar jirgin tana tattara abin da rada ta gani, da abin da na'urar hango zafi ta gani, da siginar abokan gaba da ta tsinta, ta haɗa su hoto ɗaya ta ɗora a gilashin hular kwanon matuƙi. Akwai kyamarori shida kewaye da jirgin, idan matuƙi ya sunkuyar da kai sai ya ga ƙasa ta tsakanin ƙafafunsa kamar babu jirgi a ƙarƙashinsa. Hular kaɗai ta kai dala 400,000. Isra'ila ce ta fara kai hari da shi a 2018, kuma yana cikin jiragen da ta shiga sararin samaniyar Iran da su a watan Yunin 2025. Ko mutum yana ƙin abin da aka yi da jirgin, ba zai ce bai yi aikin da aka ƙera shi dominsa ba.

Gripen kuwa ɗan tsoron Tarayyar Sobiyat ne. Suwidin ƙasa ce mai ƙarancin jama'a, a lokacin ba ta cikin ƙawancen NATO, kuma hafsoshinta sun ga yadda Isra'ila ta ragargaza jiragen Masar a ƙasa a safiyar farko ta yaƙin 1967, tun ba su tashi ba. Suka ɗauka cewa ranar da yaƙi zai ɓarke, manyan sansanoninsu ba za su kai la'asar ba. Sai suka tsara a warwatsa jirage cikin dazuzzuka, su riƙa tashi da sauka a kan titin mota. Wannan tsari, Bas 90, shi ya zana Gripen. Saab ya ce miƙaƙƙen titi mai tsawon mita 800 ya ishe shi; makanike ɗaya ƙwararre da samari biyar masu aikin soja na dole za su zuba masa mai su ɗora masa makaman harbo jirage cikin minti goma; injin kuma ana iya cire shi a sa wani cikin kusan awa ɗaya. Alƙaluman mai talla ne, amma sojan saman Suwidin sun shafe shekaru suna nuna hakan a atisaye a bainar jama'a.

Shi ma bai fito da ƙafar dama ba. Ya fara tashi a Disambar 1988, a Fabrairun 1989 na gwajin ya kife wajen sauka a garin Linköping na Suwidin a gaban kyamarar talabijin. A watan Agustan 1993 wani ya faɗo a tsakiyar birnin Stockholm ana tsaka da bikin da ya tara dubban mutane, Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu. Matuƙi ɗaya ne a duka haɗarin biyu, Lars Rådeström, kuma ya tsira. Matsalar tana cikin manhajar da ke sarrafa tuƙi: an zana jirgin da gangan ba shi da natsuwa a iska don ya iya juyi da sauri, kwamfuta ce ke daidaita shi, sai aka samu saɓani tsakanin hannun matuƙi da amsar kwamfutar. 'Yan jaridar Suwidin sun yi ta kira a soke shirin. Aka gyara, aka ci gaba.

Wanda ake talla yau shi ne Gripen E, da ya fara tashi a 2017. Ya fi na da girma da ɗaukar mai, yana da wurin rataya makami goma, yana harba makami mai linzami na Meteor mai dogon zango, gudunsa ya kai ninki biyu na gudun sauti, F-35 kuwa ninki 1.6. Ba shi da layar zana, kuma da gangan ne. Saab ya yi caca a kan cewa rada za ta ci gaba da wayewa har ta riƙa ganin abin da ba ta gani yau, siffar jirgi kuwa ba ta sauyuwa bayan an ƙera, don haka gara a zuba kuɗi a na'urorin rikita rada da toshe ta, waɗanda ake iya sabuntawa kullum. Dabarar da ta fi burge ni a jirgin ita ce raba manhajar tuƙi da manhajar yaƙi. Idan ana son ƙara sabon makami ko sabuwar na'ura, ba sai an sake tantance duk abin da ke riƙe jirgin a sama ba. Wanda ya ga yadda TR-3 ta tsayar da miƙa F-35 shekara guda zai gane darajar wannan.

To, a zo ga kuɗi, inda aka fi ruɗin mutane. Ana yawan cewa Gripen jirgin masu ƙaramin ƙarfi ne. A ranar saye ba haka ba ne. Finlan ta zaɓi F-35A guda 64 a Disambar 2021 a kan kusan yuro biliyan 8.4. Kolombiya ta sa hannu a kan Gripen E da F (F ɗin mai kujera biyu ne) guda 17 a Nuwambar 2025 a kan yuro biliyan 3.1. Raba ka gani: kowane jirgin Finlan ya tashi kusan yuro miliyan 130, na Kolombiya ya haura miliyan 180. Kwangilolin ba iri ɗaya ba ne, abin da aka cusa a ciki na makamai da horo da kayan gyara ya bambanta, amma dalilin a fili yake. An ƙera F-35 fiye da dubu, shi ya sa farashin F-35A tsuransa ya sauko wajen dala miliyan 80. Gripen E kuwa Suwidin 60 ta yi oda, Birazil 36, sauran 'yan tsiraru ne. Mai sari da mai sayen ɗaiɗai ba sa samun farashi ɗaya.

Arahar Gripen tana fitowa ne bayan an kai shi gida. Awa ɗaya a sama da F-35A tana cin fiye da dala 30,000. Wani lissafi da kamfanin Jane's mai nazarin harkokin tsaro ya fitar a 2012 ya sa Gripen a kan dala 4,700, amma na tsohon samfuri ne, kuma ba ma'auni ɗaya aka bi ba, don haka kada a riƙe shi kamar karatun allo. Duk da haka babu mai musun cewa jirgin da ya fi sauƙin nauyi, mai ƙaramin inji, wanda ba shi da fenti na musamman da za a riƙa lallaɓawa, ya fi sauƙin riƙo. F-35 kuma yana zuwa da kuɗin da ba a gani a farashi: rumfuna na musamman, gine-gine masu tsaron sirri, hanyoyin sadarwa. Babban mai binciken kuɗi na Kanada ya ce a Yunin 2025 biliyan 19 ɗin nan ta zama biliyan 27.7, ban da wasu gine-gine da makamai. Suwizalan ma ta ɗanɗana. Jama'arta sun ƙi Gripen 22 a ƙuri'ar raba-gardama ta 2014, suka amince da kashe faran biliyan 6 a kan sabon jirgi a 2020 da ƙyar, kashi 50.1 cikin 100, gwamnati ta zaɓi F-35A guda 36 tana cewa farashin a yanke yake. A 2025 Amurka ta ce ita ba haka ta fahimta ba, sai an ƙara tsakanin faran miliyan 650 zuwa biliyan 1.3.

Sai batun wanda ke riƙe da makulli. A farkon 2025 jita-jita ta cika Turai cewa akwai wani maɓalli a Washington da za a danna F-35 na kowace ƙasa ya mutu. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta musanta, kuma ni ma ban ga buƙatar maɓallin ba. Kayan gyaran F-35 a rumbu ɗaya suke na duk duniya, mallakar gwamnatin Amurka har sai an ɗaura su a jikin jirgi. Kundin bayanan da ke koya wa jirgin bambance radar aboki da ta maƙiyi, a sansanin Eglin da ke jihar Florida ake haɗa shi ga yawancin masu saye. Isra'ila ce kaɗai aka bari ta cusa nata na'urorin. Wanda ya riƙe waɗannan, idan ya ɗauke hannu, jiragenka za su zauna da kansu a hankali. Turkiyya ta shiga shirin tun 2002, tana ƙera sassa fiye da 900, tana shirin sayen guda 100, matuƙanta suna horo a Amurka. Ta sayi na'urar kakkaɓo jirage ta S-400 daga Rasha, a Yulin 2019 aka fitar da ita, jiragen da ta biya kuɗinsu ba su taɓa sauka a ƙasarta ba.

Ko ba siyasa, dogaro da wannan doguwar igiya yana da nasa wulaƙancin. A ranar 14 ga Yunin 2025 wani F-35B na Birtaniya ya kasa komawa kan jirgin ruwansa a tekun Indiya saboda rashin kyawun yanayi, ya sauka a filin jirgin farar hula na Thiruvananthapuram a jihar Kerala ta ƙasar Indiya. Sai ya samu matsala ya ƙi tashi. Ya kwana a fili ruwan damina yana dukansa, dakaru suna gadinsa, har hukumar yawon buɗe ido ta jihar ta yi talla da hotonsa cewa wanda ya zo Kerala ba ya son tafiya. Sai da aka ɗauko ayarin injiniyoyi da kayan aiki daga Birtaniya, ya tashi ranar 22 ga Yuli.

Masu tallan Gripen suna kafa hujja da irin waɗannan, kuma suna da gaskiya rabi. Birazil ta zaɓe shi a Disambar 2013, ta samu abin da Amurka ba ta bayarwa: an horar da injiniyoyinta a Suwidin, an buɗe layin haɗa jirgin a masana'antar Embraer, kamfanin ƙera jirage na Birazil, da ke garin Gavião Peixoto a 2023. Amma a buɗe cikin jirgin a gani. Injinsa F414 ne na kamfanin General Electric na Amurka. Radarsa a Edinburgh ake yin ta, kujerar da ke cilla matuƙi waje ta Martin-Baker ce, duk na Birtaniya. Ajantina ta nuna sha'awar sayen Gripen ta hannun Birazil a 2014, maganar ta mutu domin Birtaniya ba ta yarda kayanta su je hannun ƙasar da ta yaƙa a kan tsibiran Falkland a 1982 ba. Ƙarshenta tsofaffin F-16 na Denmak ta saya a 2024. Mai Gripen yana da 'yancin taɓa manhaja da ɗora makamin da ya ga dama, amma ranar da Amurka ta hana inji, shi ma a ƙasa zai kwana.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Ƙasar da abokin gabanta yake da garkuwar sama irin S-400, kuma tsarin yaƙinta ya ƙunshi kutsawa cikin wannan garkuwa tare da Amurka da NATO, F-35 ne nata, duk da tsadarsa da rigimarsa. Finlan ce hujja mafi ƙarfi. Tana da iyaka da Rasha fiye da kilomita 1,300, ita ma gwanar sauke jirgi ce a titin mota, Suwidin maƙwabciyarta ce kuma aminiyarta, ta gwada jirage biyar, ta ɗauki F-35. A Satumbar 2023 F-35A na Norwe suka sauka a kan titin mota a Finlan, abin da ya rage wa Saab kaifin hujjarsa. Jamhuriyar Czech, da ke hayar Gripen 14 tun 2005, ta san jirgin ciki da bai, amma a Janairun 2024 F-35 guda 24 ta sa hannu a kai. Kanada ma, da aikin tsaron samaniyar Arewacin Amurka ya ɗaure ta da Amurka, zai yi mata wuya ta kuɓuce, kuma riƙe iri biyu yana nufin makarantar matuƙa biyu, makanikai biyu, rumbun kayan gyara biyu.

Ƙasar da aikinta shi ne gadin samaniyarta, tare jirgin da ya shigo ba izini, da nuna wa maƙwabci cewa ba a barci, wadda kuma take son masana'antarta ta ƙaru, Gripen ya fi dacewa da ita, kuma layar zana a wurinta kuɗi ne da za ta biya kowace shekara ba ta mora ba. Wani lokaci ma ba a ba ka zaɓin. Tailan ta nemi F-35, a 2023 Amurka ta ce ba yanzu ba, ta koma ga Gripen E. Tsofaffin Gripen ɗinta ne suka fara jefa bam a yaƙi na gaske a tarihin jirgin, a rikicin iyaka da Kambodiya a Yulin 2025. Waɗanda Suwidin ta tura Libiya a 2011 leƙen asiri kawai suka yi.

Akwai rukuni na uku, kuma a nan ne nahiyarmu take. Afirka ta Kudu ta sayi Gripen a cinikin makamai na 1999 da zargin cin hanci ya dabaibaye, ta karɓi guda 26. A 2013 gwamnati ta shaida wa majalisa cewa 12 daga ciki suna ajiye saboda rashin kuɗi da matuƙa. Daga Satumbar 2021 har kusan shekara guda ko ɗaya bai tashi ba, domin kwangilar kulawa ta ƙare ba a sabunta ba. Wannan fa shi ne jirgin da aka ce samari biyar da makanike ɗaya sun ishe shi. Najeriya ta riga ta sha irin wannan da jiragen Jaguar 18 da ta saya daga Birtaniya a shekarun 1980, waɗanda zuwa farkon shekarun 1990 suka zauna ba su sake tashi ba. Yaƙin da ke gabanta yau da masu babura ne a cikin daji, marasa rada balle jirgi, kuma abin da ake bukata a kansu shi ne jirgin da zai daɗe yana shawagi, ya ga mutum da kyau kafin ya saki bam, ya sauka a gyara shi da kayan da ke cikin sito. Shi ya sa A-29 Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021, masu farfela, da ba su kai rabin gudun Gripen ba, suka fi kusa da buƙatarta fiye da waɗannan biyun. Idan 'yan majalisa za su yi wa hafsoshi tambaya a kan jiragen yaƙi samfurin M-346 guda 24 da aka yi oda daga Italiya, su fara da shekara nawa kwangilar kayan gyara za ta ɗauka, kuma daga wane layi na kasafin kuɗi za a riƙa biyanta.